ƘWAƘWALWA MA JARI CE: YADDA ZA MU RIƘA WASA TA KULLUM BA TARE DA KASHE KO DALA BA

A wannan fitowa mun ɗan jingine maganar farashi da ta takardun kan iyaka, domin mu taɓo wani jari wanda kowannenmu yake yawo da shi a ƙarƙashin hula, amma ba kasafai muke duba lafiyarsa ba, watau ƙwaƙwalwa.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wata ƙara da ta zo gaban kwamitinmu na sasanci kwanan baya. Wani dattijo, wanda ya haura shekara talatin cikin sana'ar nan, ya ba wani mahauci bijimai huɗu bashi. Da wa'adi ya cika, mahauci ya ce ai ya kawo rabin kuɗin tun makon jiya, dattijo ya ce sam shi bai ga ko dala ba. Aka yi ta rantse-rantse, har zumunci na shekara da shekaru ya kusa tsinkewa. Can bayan kwana uku sai ga kuɗin cif-cif a aljihun wata babbar riga da ya rataye a ɗaki. Mahauci bai yi ƙarya ba, dattijo ma bai yi ƙarya ba, mantuwa ce ta shiga tsakani. To, sana'armu kuwa kun san a kan amana take tafiya. Ran da aka fara shakkar maganar mutum a kara, ko da yana da gaskiya a zuci, rabin jarinsa ya tafi.

DA DA YANZU

Iyayenmu ba su taɓa zama don su wasa ƙwaƙwalwa ba, domin sana'ar da kanta take wasa musu ita. Mutum ya taso da garke a ƙasa tun daga Tawa ko Damagaram, ya bi burtali wata da watanni, ya ƙetare Kwara a Jabba, ya gangara Ilori har Badun. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai an koro dabba da ƙafa kafin a kai ta tasha. Ɗan kore ya san kowane zango da kowace mashaya, ya san garin da ake kwana da wanda ake ratsewa. Fatoma kuwa yana riƙe da bashin mutum ashirin a ka, da ranar biyan kowa, ba ya ɓata ko ɗaya.

Yau fa? Tirela ta ɗauke mana tafiyar ƙasa, kalkuleta ta ɗauke mana lissafi, salula ta ɗauke mana riƙe lamba. Da yawa daga cikinmu, in salula ta faɗi a hanya, ko lambar uwargida ba za su iya kawowa ba. Ba mu ce a yar da waɗannan kaya ba, sauƙi ne Allah ya kawo. Sai dai duk wanda ya taɓa ajiye takarkari ya san in ya shekara a turke ba ya ɗaukar kaya, ran da aka aza masa ba zai kai ko'ina ba. Aikin da na'ura ta karɓe wa ƙwaƙwalwa, dole mu mayar mata da shi da gangan.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Da can ana zaton in mutum ya girma ƙwaƙwalwarsa ta tsaya ke nan, sai dai ta yi ta raguwa. Yanzu an tabbatar tana canzawa gwargwadon aikin da ake ba ta. Alal misali, a birnin Landan na ƙasar Ingila ba a ba mutum lasin tuƙa baƙar tasi sai ya haddace tituna wajen 25,000, karatun da yakan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata malamar jami'a mai suna Eleanor Maguire ta ɗauki hoton cikin kan waɗannan direbobi, ta tarar wani sashe na ƙwaƙwalwa mai ajiyar hanya ya fi girma a wurinsu bisa ga sauran mutane. A 2011 ita da abokiyar aikinta suka sake nuna cewa waɗanda suka yi karatun har suka ci jarrabawa sashen nan nasu ya ƙaru, alhali waɗanda suka faɗi ko suka bari nasu bai canza ba. Dukansu kuwa manya ne, ba yara ba.

Amma akwai gargaɗi. A 2010 an gwada mutum 11,430 a Ingila da wasannin kwamfuta waɗanda ake talla wai suna ƙara basira. Bayan mako shida sun gwanance a wasannin, amma gwanintar ba ta bi su zuwa sauran al'amura ba. Watau abin da ka wasa shi ne zai yi kaifi. Saboda haka kada wani ya karɓe maka kuɗi a kan wasan salula. Gara mu wasa ƙwaƙwalwa da irin aikin da muke bukatarta a kansa. Ga guda bakwai, kowa zai iya.

NA FARKO: LISSAFI DA KA, KAFIN KALKULETA

Mu 'yan kan iyaka Allah ya ba mu makarantar lissafi kyauta, tun da kuɗi biyu muke juyawa, kuma kowanne da nasa ƙirgen. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, jikka ɗaya sefa 1,000. A Nijeriya kuwa in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi, watau fam ɗari na da. To, ƙa'ida ita ce: kowane lissafi ka fara yin sa da ka, sa'an nan ka danna kalkuleta ta zama shaida.

A ce ka sayi shanu 28, kowanne jikka 350. Kada ka tsorata da 28. Ka ɗauka 30 ne, jikka 10,500 ke nan, ka cire na biyu, watau 700, saura jikka 9,800. Ko kuma a ce, don misali kawai, ɗan canji ya ce jikka ɗaya naira 2,500 ce. Ka san 2,500 rubu'in 10,000 ne. Sa na jikka 350 sau 10,000 ya ba ka miliyan uku da rabi, ka raba huɗu, naira 875,000. Haka za ka bi da kuɗin mota, da la'ada, da lodi, da takardar likitan dabbobi, da duwan, ka raba wa kowane kai nasa, ka san inda ribarka ta fara.

Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, sun san amfanin wannan. Wanda kansa ya juya lissafi da wuri ya tsira, wanda ya tsaya kan tsohon farashi ya sayar da asara yana murna. Haka ma a farkon 2023 da takardar naira ta yi wuya bayan canjin kuɗi, farashin tsaba daban, na turawa ta waya daban.

NA BIYU: KALLON GARKE

In ka shiga kara, ko Maigatari ce ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a, ka zaɓi dabba goma ka dube su na minti ɗaya. Sa'an nan ka juya baya ka faɗa wa yaronka abin da ka gani: bijimi nawa, karsana nawa, wanne ne Azawak, wanne ne jan Bororo, wanne ne Bokolo, wanne ke da karyayyen ƙaho, wanne ke da tsagar kunne ko shaidar lalas, a wane ɓangare. Yaro yana kallo yana gyara maka. In goma ta yi sauƙi, ka kai sha biyar.

Har ila yau, kafin ka buɗe bakin dabba ka fara kintata shekarunta daga ƙaho da tozo da jiki, sa'an nan ka duba haƙora ka ga ko ka dace. Kafin dillali ya faɗi kuɗi, ka yanke naka a zuci. Sirrin abin shi ne kintace sannan dubawa, domin ƙwaƙwalwa tana koyo ne a daidai inda ta ga kuskurenta. Wannan kuma yana da ranarsa: in dabba ta ɓace ko aka yi musanye a wajen lodi, mai idon da ya saba shi ke karɓar kayansa ba gardama.

NA UKU: BITAR YINI

Bayan sallar lisha, kafin ka kwanta, ka ba kanka minti biyar. Ka bi yinin daga asuba: wa ka gani, me ya taya, a nawa aka sallama, wa ya ba ka kuɗi, a wane aljihu ka sa. Kada ka buɗe littafi tukuna, ka matso abin daga ka, bayan nan ka buɗe ka gwada. Masana koyarwa sun daɗe da gano cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi kafa shi a ka bisa ga sake karanta shi. Almajirai sun riga kowa sanin haka, shi ya sa ake kife allo a yi hadda.

A nan sai mu ja kunne. Wasa ƙwaƙwalwa ba ya ɗauke wa kowa rubuta bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka riƙe a ka, ka kuma rubuta a takarda, da boko ko da ajami. Da dattijon nan namu ya yi haka, da ba a kai ga rantsuwa ba.

NA HUƊU: SABON HARSHE

Bafataken shanu yana cuɗanya da Bafillace da Buzu da Bazabarme da Babarbare da Shuwa da Bayarabe da Ibo, ga Faransanci a wannan gefe, ga Turanci a wancan. A birnin Haidarabad na Indiya, a 2013, likitoci sun duba mutum 648 masu ciwon ruɗewar tsufa, suka tarar masu jin harshe biyu ko fiye ciwon ya yi jinkirin bayyana gare su da kamar shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Masana suna ta tattaunawa a kan iyakar ƙarfin wannan kariya, amma mu dai ba mu da asara. Ka koyi kalma uku kullum daga bakin makiyayi ko mahaucin kudu, ka fara da gaisuwa da ƙirge da sunayen dabba, gobe ka yi amfani da su a ciniki. A shekara kalma ta haura dubu. Wanda ya taya sa da Fillanci kuwa, kun san ba farashi ɗaya ake ba shi da mai tafinta ba.

NA BIYAR: HANYA A KA

Kafin mota ta tashi, ka jero garuruwan da za ku ratsa ɗaya bayan ɗaya, da inda ake shan mai, da inda shinge yake. A dawowa ka jero su ta baya, wanda ya fi wuya, ya kuma fi amfani. Ko ka zana hanyar a ƙasa da tsinke, yaron mota ya ga ko ka tsallake wani gari. Ka haddace lambar waya biyar: ta gida, ta fatomanka, ta direba, ta abokin cinikinka na kudu, da ta shugaban reshenku. Kowace Juma'a ka maimaita su. Waɗanda rufe iyaka na watan Agustan 2019 ko na bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a hanya sun ga ranar sanin wata hanya da wata lamba ban da wadda ke cikin salula.

NA SHIDA: DARA, KACICI-KACICI DA TILAWA

Dara wasan kakanninmu ce, gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, in ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawa. Ba ta bukatar komai sai tsinke da tsakuwa, amma tana tilasta ka hango abin da abokinka zai yi taki biyu ko uku gaba, wanda shi ne ainihin ciniki. Maimakon zaman jiran lodi kana lumshe ido, ka kira wani ku buga. Sharaɗi dai kada kuɗi su shiga, in sun shiga ta zama caca, kuma kada ta ci lokacin salla.

A gida kuma ka zauna da jikoki ku yi kacici-kacici da karin magana, ka bari su ma su ɗaure ka. Mai hadda ya riƙe tilawarsa, ya kuma ƙara ko aya biyu ce a mako, ga lada ga wasa ƙwaƙwalwa. Wanda bai iya boko ba ya shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda bai iya ajami ba ya koya. Gemu ba ya hana ilmi. Abin lura shi ne, abin da ka riga ka gwanance a kai ba ya ƙara maka kaifi sosai, sai sabon abu mai ɗan wuya.

NA BAKWAI: TAFIYA A ƘASA

Wannan muka ajiye ƙarshe don ya fi sauran nauyi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa, kuma jini ne ke kai mata abincinta. A Amurka, a 2011, an raba dattawa 120 gida biyu, rabi aka sa su tafiya da sauri na minti 40 sau uku a mako. Bayan shekara guda, wannan sashe dai mai ajiyar hanya da tunani ya ƙaru musu da kamar kashi 2 cikin 100, alhali na sauran ya ɗan ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar.

Mun sani wani zai ce ai shi kullum yana kasuwa. Amma mu faɗi gaskiya, da zarar mutum ya zama Alhaji, daga tabarmar rumfa sai gidan gaba na mota, yara ke zagaye. Ka tashi ka zaga kara da ƙafarka. Ka tafi masallaci a ƙasa. In mota ta tsaya hutu, ka sauka ka taka.

ABUBUWAN DA KE CIN ƘWAƘWALWA A ƁOYE

Banza ne mutum ya yi ta wasa wuƙa yana ajiye ta cikin ruwa. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an kiyaye su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon ruɗewar tsufa. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon suga, da kitsen jini, da ƙiba, da taba, da giya, da rashin motsa jiki, da raunin ji da na gani waɗanda ba a yi wa magani ba, da buguwa a ka, da ciwon damuwa, da kaɗaici.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau alhali yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Duk wanda ya kai arba'in ya riƙa zuwa awo, in ana samun 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya ga likita, in an ba shi magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Mai hawa babur ya sa hular kwano, masu kwana bisa katakon tirela su yi hattara. Wanda ya fara cewa "na'am?" sau uku kafin ya ji magana ya je a duba kunnensa, wanda lamba ta fara yi masa hazo ya nemi tabarau, ba abin kunya ba ne.

Sai barci. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da ta tara da rana, babba kuwa yana bukatar kamar awa bakwai. Shayi da goro suna kore gyangyaɗi, amma ba sa biyan bashin barci. In ka kwana a hanya, kada ka yanke babban ciniki sai ka runtsa. Game da tiramol da sauran ƙwayoyin da wasu yaranmu ke sha wai don ƙarfi, duk maigidan da ya gani ya yi shiru, dukiyarsa ya ɗora wa wanda hankalinsa ba ya tare da shi.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITA?

In sunan mutum ya ɓace maka, can anjima ya faɗo, wannan kowa yana yi. Amma in dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ko ya ɓata a hanyar da ya saba, ko ƙirgen kuɗin da yake yi ido rufe ya gagare shi, to a kai shi asibiti. Wata mantuwar tana da magani, kamar wadda ƙarancin wani sinadari a jini ko ciwon damuwa ko wani maganin da yake sha ya haddasa. Kada a ce sammu ne a zauna, kada kuma a yi masa dariya ko a kira shi maƙaryaci. A sa ɗa ko amintacce kusa da shi wajen karɓa da biya, cikin mutunci. In kuwa farat ɗaya baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nufi asibiti nan take ba sai gari ya waye ba.

'Yan'uwa, ba mu ce a ɗauki bakwai ɗin nan rana ɗaya ba. Kowa ya zaɓi biyu ya fara gobe, mu a namu gani bitar yini da tafiya a ƙasa su ne kan gaba, bayan wata guda ya ƙara ɗaya. Muna kuma roƙon shugabannin rassa su nemi ma'aikacin lafiya ya zo da abin awon jini ranar taron wata, a auna kowa kafin a watse. Wanda ya gwada ya ga canji, ko yake da wata dabara ta iyaye wadda ba mu ambata ba, ya aiko ta hannun sakataren reshensu mu buga don kowa ya amfana.

Allah ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa, ya sa albarka a kasuwa, ya kai kowa gida lafiya, amin.